Yadda Ake Ɗaukar Hoton Keke da Masu Hawansa a Titunan Kaduna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen titin Ahmadu Bello ya ɗaga wayarsa domin ɗaukar hoton wani dattijo da ke wucewa a kan keke, ya san abin da yakan tarar idan ya duba: rabin tayar baya, da ƙeyar mutum, da wata motar haya wadda ta kutso ta cinye sauran filin. Wayar ba ta da laifi, kuma sayen babbar kyamara ba zai kawo ƙarshen matsalar ba. Keke abu ne siriri, ba ya ƙara, ba ya tare hanya, kuma ana hango duk abin da ke bayansa ta tsakanin ƙarafansa. Saboda haka mai son hotonsa ba ya binsa da gudu. Wuri yake zaɓa, ya zaɓi haske, ya gama shirinsa tsaf, sannan ya jira keken ya shigo da kansa, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan bayani ne a kan wannan jiran. Keken da nake nufi shi ne mai taya biyu wanda ake taka wa feda, domin a 'yan shekarun nan Keke Napep ya nemi ya ƙwace sunan gaba ɗaya.

Kafin a jira mutum sai an san lokacin fitowarsa. A Kaduna yawancin kekuna na neman abinci ne, kuma kowace sana'a tana da sa'arta. Daga idar da sallar asuba zuwa fitowar rana za ka ga masu gadi suna komawa gida bayan sun kwana a bakin aiki, da masu lambu waɗanda suka ɗauro alayyafo da latas a kan kariya suka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, da masu rarraba burodi zuwa teburan masu shayi. Wajen ƙarfe 7 zuwa 7:30 lokacin ɗalibai ne, wasu da ƙanensu a baya yana rungume da jakunkuna biyu. Idan rana ta take sai masu sayar da yogot da askirim su fito da akwatunan sanyinsu, bayan la'asar kuwa lungunan Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badarawa sukan cika da yara masu koyon tuƙi. Dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suna ba da labarin yadda titi yake cika da kekuna idan an tashi daga aiki. Wannan zamani ya wuce, babur ya maye gurbin da yawa daga cikinsu, amma wanda ya fito da wuri zai ga cewa keken bai bar garin ba, sai dai ya koma gefen titi da gefen lokaci.

Shawarata ita ce ka ɓata safiya biyu ko uku ba tare da ka ɗauki ko hoto ɗaya ba. Ka zauna a bencin mai shayi a wata mahaɗar hanya, ka lura da wanda yake wucewa da ƙarfe nawa, ta wane ɓangare yake bi, a ina yake rage gudu saboda rami ko kwana. Masu keke mutane ne masu tsayayyar hanya, wanda ya wuce ka yau da bakwai saura kwata, da wuya gobe ya saɓa. Ban da haka, mutanen wurin za su saba da fuskarka, kuma wannan sabon zai yi maka amfani fiye da kowace irin na'ura.

Sai maganar haske. Kaduna tana kusa da tsakiyar duniya, kimanin digiri 10 da rabi a arewa, don haka rana takan fito tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, ta kuma faɗi tsakanin 6 da 7 na yamma, kuma idan ta fito ba ta jinkiri wajen hawa sama. Lallausan hasken nan mai ruwan zinariya, wanda yake zuwa daga gefe ya fito da kowane siririn ƙarfe na taya, ya kuma shimfiɗa doguwar inuwar keke a kan kwalta, bai fi sa'a guda ba da safe, sai kuma sa'a guda kafin magariba. Daga ƙarfe 10 zuwa 3 rana tana bisa kai, inuwar keken tana dunƙule a ƙarƙashinsa, idanun mahayin sun faɗa cikin duhu, farar rigarsa kuwa tana ƙyalli har ba a ganin ɗinkinta. Idan ya zama dole ka yi aiki a wannan lokaci, ka nemi cikakkiyar inuwa, kamar ta rumfa ko ta doguwar katanga. Ka guji inuwar darbejiya mai ɗigo-ɗigon rana, domin ido yana jin daɗinta amma kyamara takan mayar da fuskar mutum kamar mai kyasbi.

Akwai wata dabara da tsarin titunanmu ya ba mu kyauta. Sarƙar keke da babban faifanta suna gefen dama, kuma wannan gefen ne fuskar keke, shi ne yake nuna yadda yake aiki. Tun daga 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, wato mai keke yana bin bakin titi na damansa, kuma gefen sarƙarsa yana kallon masu tafiya a ƙasa. Ma'ana, idan ka tsaya a gefen da yake bi, gefen sarƙar za ka gani, kuma zai ratsa gabanka daga hagu zuwa dama. To, titin Ahmadu Bello ya miƙe ne kusan daga kudu zuwa arewa. Da safe sai ka tsaya a gefen gabas, rana tana bayanka, ka jira masu nufar arewa, wajen Kawo. Da yamma sai ka tsallaka gefen yamma, ranar ta sake komawa bayanka, ka jira masu gangarawa kudu wajen gada. A duka biyun hasken yana sauka a kan sarƙar da fuskar mahayin, kuma babu mota tsakaninka da shi. Wannan lissafi yana aiki a kowane titi da ya miƙe haka. Idan kuwa baƙar siffa kake so, wato mutum da kekensa kamar an yanke su da almakashi a gaban jan sararin sama, sai ka juya lissafin, ka fuskanci ranar, ka durƙusa ƙasa sosai yadda sama za ta kasance a bayan tayoyin.

Abin da ke bayan keken shi ne inda mafi yawan hotuna suke lalacewa, kuma a nan ya kamata a daɗe ana dubawa. Da yake ana gani ta cikin keke, duk tarkacen da ke bayansa sai ya shiga jikinsa: turakun wuta, da allunan talla, da tulin shara, da ƙafafun masu wucewa, su cakuɗe da ƙarafan har a rasa ina keken ya fara ina ya ƙare. Ka nemi bango mai launi ɗaya, ko rufaffiyar ƙofar shago, ko katangar makaranta, ko jar ƙasar da ta miƙe babu komai a kanta. Baƙin keke yana son bango mai haske, keke mai walƙiyar ƙarfe kuwa ya fi fitowa a gaban wuri mai duhu, kamar bakin zaure. Bayan ka sami bangon, ka duba ta cikin kyamarar tun babu kowa, ka tabbatar babu turken da zai tsiro daga kan mutum idan ya iso tsakiya, ka kuma zaɓi wata alama a ƙasa, ko dutse ko tsagewar kwalta, wadda idan tayar gaba ta taka ta za ka danna. Ba ina cewa a ɓoye garin ba ne. Rubutun da ke jikin shagon tela, ko hasumiyar masallaci daga nesa, su ne za su gaya wa mai kallo cewa Kaduna ce ba wani gari ba. Amma abu ɗaya ya isa, kuma ya kasance a gefe, kada ya faɗa cikin tayoyin.

Wuraren da za a gwada suna da yawa, kuma unguwar mutum ta fi ko'ina, domin a can aka san shi. Bakin Kogin Kaduna yana ba da fili da sarari, ga masu lambu da sassafe. A lambun shaƙatawa na Gamji akwai itatuwa da tsohuwar gadar ƙafa ta Lugard wadda aka ɗauko daga Zungeru, kuma wuri ne mai kyau na koyon aiki da keken aboki ba tare da fargabar mota ba. Kasuwar Barci da kewayen Kasuwar Gumi suna da kekunan dako masu kaya har sama da kan mahayi, sai dai cunkoson yana sa samun bango mai tsabta ya yi wuya, don haka a tsaya a bakin hanyoyin shiga, kada a kutsa ciki. A Panteka kuwa, wajen maƙera da masu walda, za ka ga kekunan da aka ƙara musu ƙarfe aka faɗaɗa kariyarsu domin ɗaukar nauyi, kowanne da irin dabarar mai shi. Akwai kuma inda ba a ɗaga kyamara ko kaɗan. Kaduna gari ne na sojoji, ga barikoki, ga makarantar horar da hafsoshi, ga shingayen bincike, kuma duk kyan keken da ya gifta ta gaban ɗayansu, ka bar shi ya wuce.

Ya fi kyau mai koyo ya fara da keken da ke tsaye, domin shi ba ya gudu, kuma duk kuskuren da aka yi ana iya gyarawa nan take. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya tsaya a miƙe dab da keken ya karkato wayar ƙasa. Idon babbar kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa ya ƙanƙantar da na nesa, sai ka ga sirdi ya yi ƙato, tayoyi sun zama kamar ƙwai. Maganinsa shi ne ka ja da baya kamar taku biyar ko shida, ka yi amfani da idon zuƙowa na ninki 2 ko 3 idan wayarka tana da shi, sannan ka tsuguna. Tayar tsofaffin kekunan nan inci 28 ce, wato tsakiyarta tana kimanin santimita 35 daga ƙasa, don haka kyamara tana son ta kasance tsakanin gwiwarka da ƙugunka, a miƙe, ba a karkace ba. Ka juya keken gefen sarƙa ya fuskance ka, ka daidaita kansa ya miƙe da jikinsa, ka murza fedar ta kwanta ta fuskanci gaba maimakon ta rataya a ƙasa. Idan wayar ba ta da idon zuƙowa na gaske, kada ka ja hoton da yatsu biyu, domin wannan yankewa ce kawai da take rage ingancinsa. Ka ɗauka daga nesa, ka yanke daga baya.

Sai dai a kula, kada garin gyara a kashe hoton. Igiyar roba da aka yanko daga tsohuwar taya aka naɗe a kariya, da tsumman da ke cushe a ƙarƙashin sirdi, da buta ko carbi da ke rataye a kan keken, da ledar da aka ɗaura wa sirdi saboda ruwan sama, duk su ne tarihin mai shi, kuma ban ga dalilin cire ko ɗaya ba. Bayan hoton keken gaba ɗaya, ka matso kusa ka ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ka duba tambarin da ke goshin keken: na Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ta Ingila yake kuma aka daɗe ana haɗa shi a Kano, kan zalɓe ne a jikinsa, Phoenix daga Shanghai ta ƙasar Sin yake, Hero kuwa daga Indiya. Ka duba birkin da yake aiki da sandunan ƙarfe maimakon igiya, da ƙararrawar da babban yatsa ya goge har ta yi fari, da fedar da robarta ta cinye saura ƙarfe tsirara. Irin waɗannan hotuna suna son haske daga gefe, kuma ka taɓa allon wayar daidai kan abin da kake so ya fito sarai kafin ka danna.

Idan aka zo ga keke mai tafiya, dole a fahimci abu ɗaya game da kyamara, wato saurin ƙiftawarta. Kyamara tana buɗe ido ne ta rufe, kuma duk motsin da aka yi a tsakanin buɗewar da rufewar yakan fito dishi-dishi. Mai keke da ke tafiya a kan kilomita 15 cikin sa'a yana cin kimanin mita 4 a kowace daƙiƙa. Idan ƙiftawar ta ɗauki kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, wato abin da ake rubutawa 1/60, kafin ta rufe ya matsa kusan santimita 7, kuma wannan ya isa ya shafe fuskarsa. A 1/500 kuwa bai kai santimita ɗaya ba, sai ya fito tsaf kamar an dasa shi. Don haka ga wanda yake ratsawa ta gabanka ka sa 1/500 ko 1/1000, ga wanda yake tunkaro ka kai tsaye kuwa 1/250 ma yakan wadatar, domin a idon kyamara girma yake ƙarawa a hankali, ba gefe yake gudu ba. A babbar kyamara ana samun wannan a kan harafin S ko Tv, a wayoyi da yawa kuma yana cikin sashen da aka rubuta wa Pro. Ƙiftawa mai sauri tana rage hasken da ke shiga, saboda haka da sassafe sai an ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400 ko 800, kuma gara ɗan ƙura-ƙuran da hakan yake jawowa da a rasa fuskar mutum.

Amma hoton da aka daskarar da komai a cikinsa wani lokaci yakan yi kama da na mutumin da ya hau keke ya ƙi tafiya. Mai son a ga gudu sai ya koyi abin da nake kira rakiya, kuma a ganina ita ce mafi daɗin aikin nan duka. Ana rage saurin ƙiftawa zuwa 1/30 ko 1/60, a kafa ƙafafu biyu suna fuskantar inda ake son ɗaukar hoton, a manne gwiwoyin hannu a jiki, sannan a juya daga ƙugu a tarbi mai keken tun yana nesa. Sai ka raka shi da kyamarar daidai gudunsa, kana riƙe da kansa a wuri ɗaya cikin allon, ka danna lokacin da ya iso gabanka, kuma kada ka tsaya da dannawar, ka ci gaba da juyawa har ya wuce, kamar yadda mai jifa ba ya tsayar da hannunsa da zarar dutse ya fita. Idan an dace, mutumin da kekensa za su fito sarai, shaguna da itatuwan bayansa kuwa su zama zane-zanen launi a kwance, ƙarafan tayar su narke su zama faifai. Wani amfaninta shi ne tana wanke tarkacen baya, har a wurin da babu bango mai kyau. Ka sani cewa mafi yawan gwajin farko shara ne, kuma babu abin kunya a ciki; ka sa ƙaninka ya yi ta kai da kawowa a layinku har hannunka ya faɗa. Masu waya su lura da cewa ƙofar hasken yawancin wayoyi ba ta ƙara tsukewa, don haka idan aka rage saurin ƙiftawa da tsakar rana hoton fari fat zai fito. Rakiya da waya sai da sassafe, ko dab da magariba, ko ranar da hadari ya rufe sama, kuma a sauke ISO zuwa mafi ƙanƙantar lambarsa.

Ko daskarewa ko rakiya, ka bar fili a gaban mai keken fiye da bayansa, domin a ga inda ya dosa, kuma kada ka yanke taya. Ka yi amfani da ɗauka a jere, wadda take kama hotuna da yawa a danna ɗaya, sannan ka zaɓi wanda ƙafar da ke kusa da kai take gaba tana danna feda, domin a nan ƙarfin mutum yake bayyana.

Yanayin shekara ma yana canza aikin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, hazo yana tace rana ya mayar da ita farin faifai, inuwa ta yi laushi, nesa ta dushe, kuma mai keke da ya naɗe fuska da rawani yana fitowa daga cikin hazon abin kallo ne. Sai dai farin sararin yana ruɗar kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta duhunta mutumin, don haka ka taɓa allon a kan fuskarsa ka ɗan ƙara haske. Ƙurar kuma maƙiyiyar kaya ce: ka hure idon kyamara kafin ka goge shi da tsumma mai laushi, kada ka canza gilashin babbar kyamara a bakin titi. Da damina, musamman a watan Agusta, mafi kyawun lokaci shi ne da zarar ruwa ya ɗauke, lokacin da ganye ya wanku, jar ƙasa ta yi jawur, kududdufai suka kwanta a gefen hanya. Ka kai wayar dab da ruwan kududdufi, za ka sami keke biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife. Ga kuma wata matsala ta kullum, wato baƙar fuska a cikin farar riga da hula. Idan aka biye wa fuskar rigar ta ƙone, idan aka biye wa rigar fuskar ta ɓace. Abin da ya fi shi ne a rage haske kaɗan yadda ɗinkin rigar zai tsira, a ɗaga duhun fuskar wajen gyaran hoton daga baya, domin abin da ya yi duhu ana iya ceto shi, wanda ya ƙone fari kuwa ya tafi ke nan.

Duk wannan lissafi ba zai amfane ka ba idan mutane ba su yarda da kai ba. Na koyi wannan ne a gindin wata bishiyar mangwaro inda wani dattijo yake gyaran keke. Na hango shi ya tsoma robar cikin taya a tsohon kwano mai ruwa, yana juya ta a hankali yana neman inda kumfa za ta taso, ga famfo a jingine, ga gwangwanin goro cike da ƙananan ƙusoshi, hasken safiya kuma yana sauka daidai kan hannuwansa. Ban yi sallama ba na ɗaga kyamara. Nan take ya saki robar ya miƙe, maƙwabtansa suka taso, domin sun ɗauka ni ma'aikacin rusau ne na zo auna wurin. Da ƙyar aka fahimci juna, kuma ranar ban sami komai ba sai kunya. Washegari na koma hannu rabbana, na yi sallama, na tsuguna na ce, "Baba, barka da aiki. Jiya na yi rashin hankali, a gafarce ni." Ya ce babu komai. Na nuna wani baƙin Raleigh da ke jingine a jikin bishiyar na ce, "Baba, wannan tun yaushe yake hannunka?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai wannan ya girme ka." Daga nan hira ta ɓarke, kuma shi da bakinsa ya ce in kawo kyamarar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma hanya mafi sauƙi ta shiga zuciyar mai keke ita ce a tambaye shi labarin kekensa.

Ga wanda yake wucewa da gudu ba a iya neman izini tukuna, amma tun da ka riga ka san sa'arsa, kana iya tare shi wata rana ka gaishe shi, ka nuna masa abin da ka ɗauka, ka gaya masa inda za ka sa. Idan ya ce a goge, ka goge a gabansa ba tare da musu ba. Kada ka ɗauki yara sai da sanin iyayensu ko malaminsu, kada kuma ka juya kyamara wajen matan da ke wucewa. Ranar Juma'a jerin kekunan da ake jinginewa a kewayen masallaci abin ɗauka ne, haka ma safiyar Lahadi a bakin majami'u, amma kekunan za ka ɗauka, ka bar masu ibada da ibadarsu. Ka kuma tambayi kanka ko mutumin zai ji daɗin ganin kansa a yadda ka fito da shi, domin akwai masu zuwa neman hoton talauci su fake da keke, kuma mutane suna gane su tun daga nesa. Ta fuskar tsaro, kada ka taɓa sauka kan kwalta idonka yana cikin allo, domin ɗan acaɓa ba zai jira ka ba. Ka sa bango a bayanka, ka rataya igiyar kyamara ko ta waya a wuyan hannu saboda masu fizge, idan da hali kuma ka tafi da aboki wanda zai riƙa duba maka hanya.

Wajen gyara a taƙaita. Ka miƙar da hoton yadda turaku da katangu za su tsaya sak, ka yanke abin da ya yi yawa a gefe, ka ɗaga duhu kaɗan, ka bar launin yadda Allah ya yi shi, domin jar ƙasar Kaduna ba ta bukatar ƙari. Hoton da launukan bayansa suka yi hayaniya sau da yawa yakan gyaru idan aka mayar da shi baƙi da fari, tun da keke dama zane ne na da'ira biyu da 'yan layuka. Ka rubuta wa kowane hoto unguwa da kwanan wata da irin keken da sana'ar mai shi tun a ranar, kafin ka manta, amma kada ka sa sunansa ko kwatancen gidansa sai ya yarda. Idan za ka aika ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin ta hanyar da aka saba yakan matse hoton har siraran ƙarafan taya su dagule. Wanda ya fi kyau a cikinsu kuwa ka kai shi shagon hoto a wanke maka a takarda, girman inci 5 da 7 ya isa, ka sa a leda saboda ƙura da baƙin mai, ka kai wa mai keken a daidai sa'ar da ka san yana wucewa.